Ƙwaryar da Gwaggo Ta Ajiye a Raga

Gwaggo ta rasu ranar Talata da hantsi a ɗakinta na unguwar Kirkisoy a Yamai, jim kaɗan bayan ta gama yi wa mai ga-ruwa faɗa don ya cika randa har ta zuba. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Yayar mahaifina ce, ita kaɗai ta rage mana a manya. Ba ta bar ɗa ko ɗiya na cikinta ba, amma ranar zaman makoki sai da aka ari tabarmin gida huɗu.

Maƙwabtanta Zabarmawa suna shigowa suna cewa, "Fonda tilas, kala suru," wato mu yi haƙuri. Wannan babu laifi, mu ake ba haƙurin. Abin ya ɓaci ne da matar ƙanen mijina ta zauna, ta gyara lulluɓi, ta ce, "Allah sarki, baiwar Allah mai haƙuri."

Wata ta karɓa daga bakin ƙofa, "Ko ƙuda ba ta iya kora da ƙarfi."

Ta uku, wadda na san Gwaggo ta taɓa bin ta da muciya har bakin titi, ta share ido ta ce, "Ni ban taɓa jin ta ɗaga murya ba."

A gefena akwai mata biyu da muka yi ƙwallon hannu tare a kwalej. Ɗaya ɗiyar baffana ce, wadda Gwaggo ta laƙaba wa Tonka, wato barkono, saboda zafinta. Ɗayar kuma ɗiyar malamar asibitin unguwarmu ce, Kirista ƴar asalin Dogon Dutsi, Gwaggo na kiran ta Shiru. Dukansu yanzu da jikoki. Tonka ta zungure ni da gwiwar hannu, ta raɗa mini, "Gardiyan, uku sun shiga."

Na sunkuyar da kai, don na san abin da take nufi. Wata biyu kafin rasuwar na taso daga unguwar Bobiyel na kai wa Gwaggo kunu. Ta ɗanɗana ta ce ya yi ruwa, ta shanye tas, sannan ta riƙe mini hannu.

"Idan na mutu za su ce ni mai haƙuri ce. Kowace tsohuwa haka suke ce mata. Kada ki bari."

Na ce, "Gwaggo, ai yabo ne."

"Yabon wa? Su yi ta yi wa mai haƙuri addu'a, addu'ar ta fita tana neman mai haƙuri, ta wuce kabarina ta shiga na wata? Ki tsare mini. Amana ce."

Na san addu'a ba ta ɓatan hanya, Allah Ya san bayinSa ɗaya bayan ɗaya. Amma ta ce amana, kuma ta san abin da kalmar nan take yi mini, don ita ta gano shi tun ina da shekara goma sha huɗu.

A shekarun fari ne, soja na mulki. Hatsi ya yi wuya, mutanen karkara sun sauko Yamai sun kafa bukkoki a bakin kogi, kowa ya rage tuwo, kowa ya rage magana. A lokacin malamin wasanninmu, wani dogon saurayi Kirista daga Maraɗi da muke kira Mushe kawai, ya haɗa ƙungiyar ƙwallon hannu ta ƴan mata. Yana da usur, da agogon auna gudu, da littafi. Ya jera mu a jikin bango ya auna tsawo, ya ga na fi kowa dogayen hannuwa, ya ce ni ce mai tsaron raga. Da Faransanci ya faɗa, ni kuma na kai shi gida yadda na ji.

"Baba, an sa ni gardiyan."

Gwaggo tana zaune tana tsinar shinkafa. Ta ajiye faranti.

"An sa ki mi?"

"Gardiyan, a lakwal."

A Yamai lakwal ita ce makaranta, gardiyan kuma shi ne maigadi, tsohon da ke zama a ƙofar gidan Turawa da sanda da butar shayi. Ban samu damar yin bayani ba. Ta riga ta ɗaura ɗamara.

Washegari muna tsakiyar motsa jiki sai ga ta ta ratso fili, ta wuce mu, ta tsaya a gaban Mushe.

"Kai ne mai usur?"

"Ni ne, Inna. Sannu da zuwa."

"Riƙe sannunka. Shekara bakwai yarinyar nan tana tsallake gada da ƙafa tana zuwa boko, don ka maishe ta maigadi? Ina sandar? Ina tocilar? Ko ni zan saya?"

Mushe ya cire hula, ya yi bayani da Hausarsa ta Maraɗi mai laushi, ya nuna mata raga, ya nuna mata balo, wato ƙwallon. Ta dubi ragar nan mai ɓula uku ta ce, "Mi ke ciki da za a tsare?" Ya ce babu komai, balo ne ba a so ya shiga. Ta ce to bari ta ga wannan aikin banzan da idonta. Ta zauna a gindin dogon yaro. Zaman da ta yi ke nan har shekara uku.

Abin da ta gani ran nan bai yi mini kyau ba. Ni tun ina ƙarama ba na iya ganin mutum ya ji kunya. Yarinya za ta yi gudu tun daga can, ta yi tsalle, ta jefo balo da iya ƙarfinta, sai in ji ai duk wahalar nan bai kamata ta tashi a banza ba, sai hannuna ya yi nauyi. In kuwa na tare, sai in ce mata sannu. Wasanmu na farko da wata makaranta an ci mu har mai rubutawa a allo ya nemi ƙarin alli. Bayan wasa na uku Mushe ya kira ni, ya buɗe littafinsa, ya ce tsawona daidai, saurina daidai, amma ba ni da zafin zuciya, sati mai zuwa zai nemi wata. Baba dama jira yake. Ya ce in an cire ni shi ke nan, babu ɗiyarsa da za ta ƙara tsalle-tsalle a gaban jama'a.

Gwaggo ce ta fara gamawa da Baba. Ta ce, "Ni na goye ka, ka yi mini fitsari a baya, ban hana ka tsalle ba." Ta sa aka ɗinka mana dogayen wanduna har idon sawu, mu duka, har da Shiru, ta ce kowa ya yi shiru ya sa. Sannan ta koma kan Mushe.

"Agogon nan naka yana auna hali?"

"A'a Inna, gudu yake aunawa."

"To ai ɓarawo ma yana gudu. Ka turo mini su Kirkisoy ranar Asabar."

Muka je mu tara. Ta zuba mana tuwon dawar agaji, jar nan da ake rabawa a lokacin, da miyar kuka a akushi ɗaya, ta ɗora yankan busasshen kifi guda tak a tsakiya. Ta koma gefe tana jan carbi, Mushe na kan turmi da littafinsa. Ba a gama bisimilla ba Tonka ta wawure kifin. Wata ta fizge daga hannunta ta gutsuttsura ta raba wa kowa. Wata ta lallaɓo ta gefen akushi ta ɗauke kason maƙwabciyarta ba wanda ya gani. Wata ƙatuwa ta kafa gwiwa ta tare rabin akushin, aka yi ta turin ta ba ta motsa ba.

Gwaggo ta ce, "Rubuta. Mai wawura ita ke jefa. Mai rabo ta tsaya tsakiya ta raba musu balo. Ɓarauniyar nan ka kai ta gefe, ba za a ga shigarta ba. Wannan kuma da ta kafe, ka dasa ta a gaban ragarsu su yi ta fama."

Mushe ya ce, "Inna, ba haka ake yi ba. Akwai ilimi a ciki."

"Da ilimin aka ci ku har alli ya ƙare?"

Sun yi wata guda ba sa gaisawa sosai, shi yana hura usur ita tana ƙara nata umarnin daga gindin dogon yaro da Hausa da Zabarmanci. Amma ya gwada, kuma ya bar kowa inda ta ajiye ta. Daga baya har kujera yake ɗauko mata daga aji.

A kan Shiru ce kaɗai ta yi kuskure. Ranar akushi yarinyar ba ta ko miƙa hannu ba, Gwaggo ta ce wannan a ba ta riƙon takalma. Sai wata rana a wasa aka taka mata ƙafa da gangan. Ta miƙe ta karɓi balo. Ta ci biyar a jere, kowanne ta gefen kunnen wadda ta taka ta. Gwaggo ba ta taɓa yarda ta yi kuskure ba. Cewa ta yi, "Dama na san mai ajiya ce a zuciya, jira nake ta cika." Tun daga ranar, kafin kowane wasa sai ta kira Shiru gefe ta ce, "Wa ya yi miki kitson nan? Kamar an taka gonar gyaɗa." Shiru ta shiga fili idonta jawur. Da yamma kuma Gwaggo ta zaunar da ita a tsakanin ƙafafunta ta tsefe kan, ta sake mata sabo da man shanunta na ƙarshe, tana tambayar ta yaya mamanta da aikin asibiti.

Ni kuwa ranar akushi ban nemi kifi ba, ban yi faɗa ba. Da muka gama, maƙwabciya ta shigo ta miƙo mini jaririnta ta ce in riƙe mata za ta je famfo. Tonka, da wasa, ta kawo hannu za ta ja kumatunsa. Ban san lokacin da na doke hannun ba, sai da ya yi ƙara. Gwaggo ta daina jan carbi.

Ranar Litinin ta zo fili da ƙwarya a kai, an rufe da faifai, an ɗaure da tsumma, irin yadda ake ɗaure hura da nono. Ta shiga cikin ragata ta ajiye ta a tsakiya, a bayana.

"Gardiyan. Ki tsare mini wannan. Amana ce."

Wanda bai ga shekarar nan ba ba zai gane ba. Ƙwaryar hura guda abincin gida ne na yini. Na duba ƙwarya, na duba Tonka da ke tahowa da balo, na ga hurar Gwaggo tana malala a ƙasa, sai wani abu ya taso mini daga ciki. Na tare da hannu, na tare da ƙafa, na tare da ciki. Tausayin yana nan, bai je ko'ina ba, sai dai ya juya ya koma bayana. Sannun ma ban daina ba. In na tare sai in ce, "Sannu, ki yi haƙuri, ba tawa ba ce." Mushe ya rufe littafinsa ya sa a aljihu, bai ƙara zancen neman wata ba.

Haka muka yi ta ci har muka kai wasan ƙarshe na makarantun birni. Kowane wasa ƙwarya na cikin raga. Ƴan mata su roƙe ta ko kurɓi ɗaya, ta ce ba tasu ba ce. Baba ya ce zai zo ya gani da idonsa, in ya ga abin kunya a nan zance ya ƙare.

Alƙalin wasan ranar wani soja ne da aka ɗauko daga barikin Tondibiya, gajere, takalminsa na ƙyalli. Ya zagaya fili, ya leƙa ragata, ya tsaya.

"Wannan fa?"

Mushe ya fara inda-inda. A zamanin ba a mayar wa mai kaki magana, ko gaisuwa sai ka auna. Gwaggo ta taso.

"Tawa ce, ɗana."

"A fitar. Doka ta hana."

"Dokar wa? A rediyo ban ji ba."

"Mama, a fitar, ko in kori ƙungiyar."

Ta dube shi tun daga takalmi har hula ta ce, "Uwarka na da rai?" Ya ce tana nan. Ta ce, "Ka gaishe ta, ta yi ƙoƙari." Ta ɗauki ƙwaryarta ta fita.

Rabin farko an ci ni shida. Raga ta koma raga, babu komai a ciki, ƴan matan can kuma ga su da ƙoƙari. Na hango Baba ya fara neman takalminsa. Da aka dawo hutu sai na ji numfashi a bayana. Gwaggo ce ta zagayo ta zauna a ƙasa a bayan raga, daidai babbar ɓular, ta ɗora ƙwarya a cinya, hancinta na taɓa zare. Soja ya taho da sauri. Ta ce, "Ina cikin fili?" Ya duba layi, ya ga tana waje da taki guda. Ya koma ya hura usur.

"Gardiyan," in ji ta. "Yanzu mu biyu ne, ni da ita. Kada ki bari a fasa miki gwaggo."

Daga nan ba su ƙara ci ba sai ɗaya. Tonka na wawura, Shiru kuwa an ce mata kitsonta kamar sheƙar kaza, ta yi ta zuba musu. Saura kaɗan a tashi muna gaba da ɗaya, sai soja ya ba su penalti. Wadda za ta jefa ƴar siririya ce, da tsumma ɗaure a gwiwa. Wallahi sai da na ji hannuna ya fara nauyi. Na ce a raina ita ma fa tana da uba a cikin jama'a. Sai na ji faifai ya yi ƙaras a bayana.

Da fuska na tare. Na faɗi zaune, hancina na jini, usur ya tashi, fili ya kaure. An ce abin da na fara yi shi ne na rarrafa wurin yarinyar na ce mata sannu. Baba ya zo ya tsaya a kaina ya ce, "Hancin uwarki ne, dama ya yi tsawo." Bai ƙara hana ni ba.

Muna cikin murna Tonka ta ce yau kam sai mun sha hurar nan. Kafin Gwaggo ta ankara ta wawure ƙwarya, ta kwance tsumma, ta ɗaga faifai.

Dutsen niƙa ne ƙarami a ciki, an naɗe shi a zane don kada ya yi ƙara.

Muka zuba wa dutsen ido. Gwaggo ta karɓe ƙwaryarta ta rufe.

"Hura a bana? Ina na ga hatsin?"

Na fashe da kuka, jini da hawaye. Na ce, "Gwaggo, ashe dutse nake ta tsarewa? Kin yi mini ƙarya."

"Ke, kiyaye ni. Yaushe na ce miki hura ce? Cewa na yi ki tsare, kika tsare. Da kike riƙe jaririn mutane kin buɗe shi kin ga abin da ke ciki?"

Sai bayan shekaru maman Shiru ta gaya mini inda hatsin Gwaggo yake zuwa a lokacin. Duk tiyar da Baba ya aika mata, rabi bukkokin bakin kogi take kai wa, kunu take damawa ta bi matan da suka haihu a can. Kuma ko a can faɗa take yi musu, wai ba su iya goyo ba.

Wannan ita ce matar da aka ce ba ta iya korar ƙuda.

Ranar sadakar uku Mushe ya zo, ya tsufa, yana dogara sanda. Ya gaisa da maza a waje, ya aiko a kira mu. Ya ce shekara talatin ya yi yana koyar da ƴan mata wasa, kuma duk ƙungiyar da ya haɗa sai ya fara ciyar da su a akushi ɗaya, amma bai taɓa rubuta wannan a rahoto ba. Ya ce, "Ni da ita ba mu taɓa gama gardama ba. Yanzu ta tafi da maganar ƙarshe." Ya share ido da hula.

Na koma ciki. An fito da kayanta za a raba, ƙwaryar na kan gado da faifanta, bakinta duk ɗinki. Tonka ta ɗauko ta, ta ajiye ta a bayana.

Sai ga wata baƙuwa, babbar mace da jaka, ta zauna ta tafa hannu. "Allah sarki Gwaggo. Ni abin da ba zan manta ba, haƙurin—"

"A'a," na ce.

Ni da ban taɓa katse babba ba. Ni kaina na ji muryata kamar ta wata.

"Ba ta da haƙuri, Hajiya. Ta yi haƙuri da yunwa, ta yi haƙuri da rashin haihuwa, ta yi haƙuri da abin da Allah Ya hukunta mata, ban taɓa jin ta yi ƙorafi ba. Amma mutane kam ba ta bar wa kowa ba. Ta yi faɗa da malami, ta yi da soja, ta yi da mai ga-ruwa ranar da za ta tafi. In za ki yi mata addu'a, ki ce mai faɗan Kirkisoy."

Matar da aka bi da muciya ce ta fara dariya, ta toshe baki da lulluɓi, ta ce, "Har bakin titi fa!" Sai ɗakin ya ɓarke. Kowa ta fito da nata, wannan an zage ta a kan gishiri, waccan a kan goyo, kuma kowace in ta kai ƙarshen labarinta sai ka ji akwai kunu a ciki, ko kitso, ko zane. Shiru, wadda tun ranar Talata ba ta zubar da hawaye ba, ta dafa kanta ta ce, "Wa zai ƙara zagin kitsona?" Sai ta kife a cinyata.

Kunya ta kama baƙuwar nan. Na matsa na riƙe hannunta na ce, "Sannu Hajiya, ki yi haƙuri. Ba tawa ba ce."

Ya Allah, ga baiwarKa nan ta zo, mai faɗan Kirkisoy, yayar mahaifina. Ka fi mu sanin abin da ke ƙarƙashin faifanta. Ka yafe mata harshenta, Ka duba hannunta, Ka yalwata mata makwanci, Ka shayar da ita abin da ta hana kanta a shekarar fari. Uku sun shiga, Gwaggo, ki yafe mini. Ta huɗun na tare.